Nauyin Sanda a Ɗari Shida da Hamsin

…kuma ba wai bai gane ba. Ai tun taɓawar farko ya gane. Hannu ba ya mantuwa, kai ne mai mantuwa, shi ma sai in ya ga dama. Ga shi dai zaune, Malam Mu'azu, a kujerar roba can ƙuryar shagon Osita da ke Kotu Rod a Gyadi-Gyadi, sandar tuƙi ta wasa a hannunsa na dama, gumi na bin ƙeyarsa yana gangarawa cikin riga, janareto na ta ɓaɓatu a bayan shago tun azahar. Jirgin kuma yana nan cikin kwamfutar yana jiransa, tsaye cak a sararin sama, don Osita ya danna abin da ke tsayar da komai. Da ma ana tsayar da komai haka…

Jirgi ɗaya, lissafi biyu. Haka yaron ya ce. Yaro? Mutum mai shekara talatin da huɗu, da mata da 'ya'ya biyu a Tarauni. Amma dai yaro.

"Baba, ba zan gaya maka wanne ne wanne ba. Ka tuƙa na farko, ka tuƙa na biyu, wanda ka ji ya fi kama da na gaskiyar ka faɗa min. Shi ke nan."

Shi ke nan. Kamar mai tambayar wace miya ta fi gishiri.

Na farkon ya riga ya tuƙa, ya kuma san shi, ai shi ya haife shi. Gudu na kaiwa kilomita ɗari shida a awa sandar ta ƙage, ɗan injin da ke cikinta ya shiga tura masa hannu baya, ya ja, ta ƙi, ya ƙara ja, ta ƙi — wani sanyi ya ratsa shi, irin na wanda ya dawo gida ya tarar da ƙofarsa a kulle yadda ya bar ta. Sai aka sa na biyu. Bai yi minti guda a kansa ba ya ce a tsayar, wai zai sha ruwa. Ga ruwan nan a leda a kan tebur, ko ɓula shi bai yi ba.

Wa ya aike shi ma tun farko? Katin ɗaurin auren Zainab ne ya kawo shi, autarsa, wata takwas da suka wuce. Katin da yayyenta za su iya kaiwa a buga, amma ya ce a'a, shi zai je da ƙafarsa, kada a ɓata sunan kakanta. Yana tsaye yana jira, idonsa ya faɗa kan ɗaya kwamfutar, ta ƙurya. Mig. Mig sha bakwai — hancin nan buɗaɗɗe kamar bakin tulu, fukafukan nan da aka ja baya. Shekara talatin rabonsa da shi. Mai shagon yana murɗa sanda, jirgin na ta alkafura a sama kamar tsattsewa, ba nauyi, ba gardama, ba komai.

Bakinsa ya riga shi. "Ƙarya ne wannan. Ba ya juyawa haka. In ka yi masa haka a wannan gudun, fiffike ɗaya zai faɗi, ka tafi kana juyi kamar busasshen ganye har ƙasa."

Mai shagon ya waiwayo. Inyamuri ne, ga sunan nan a allon ƙofa, amma Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. "Baba, ka taɓa ganinsa ne?"

Da ya ce a hoto. Da ya ce daga nesa, a filin jirgi. Ya karɓi katinsa ya kama hanyar gida, wa zai tare shi? Amma…

"Na tuƙa shi."

Me ya sa? To me zai hana? Shekara talatin yana sayar da taya a Zariya Rod, ana ce masa Mu'azu mai taya, ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda gajimare yake ta sama. 'Ya'yansa ma sun san dai Baba ya yi sojan sama, kamar yadda suka san ya taɓa yin ciwon shawara yana yaro. Sai ga mutum ya miƙe tsaye, ya share kujera da hannun rigarsa, ya ce zauna, Baba, don Allah zauna. Wa ba ya son a ce masa zauna?

Wasan Turawa ne suka yi, a faifai yake zuwa, amma sun bar ƙofa a buɗe: kowane jirgi da takardarsa ta lambobi a ciki, wanda ya iya sai ya shiga ya gyara. Akwai wasu mutane a intanet, Osita ya ce, kowa da ƙasarsa, ba su taɓa ganin juna ba, kowa ya ɗauki jirgi guda yana ta fama sai ya yi daidai da na gaske. Ba biya, ba lada. Hauka dai mai tsafta. Shi ya ɗauki Mig, don tun yana ƙarami yake ganin wata gawarsa a gefen filin jirgi, ciyawa ta fito ta cikin tayoyin.

Kuma Allah ya sani ya ba shi gaskiya. Ya ba shi! Talata da Alhamis, bayan azahar, kafin la'asar. Littafin makaranta mai layi-layi, agogo a hannun Osita, shi kuma yana rufe ido yana tono. Minti nawa daga ƙasa zuwa mita dubu biyar. Yadda yake shan mai in ka kunna wutar baya, kamar an ɓula tanki. Yadda kafin fiffike ya faɗi sai jirgin ya yi maka kashedi, ya kama rawar ɗari kamar mai zazzaɓi, ka ji ta a cinyoyinka kafin ka gan ta a allurar awon gudu — a'a, Osita, ka sa rawar ta riga faɗuwar, ba tare suke zuwa ba, da tare suke zuwa da ba ka same ni a raye ba. Yadda babbar igwar ke dukan ƙasan ƙafarka in ta tashi, dum, dum, dum, a hankali, kana iya ƙirgawa. Osita ya canza lamba ɗaya, su tashi, su duba agogo, su sauka, ya sake canzawa. Wata rana sifili ɗaya ya zame, jirgin ya tashi sama tsaye kamar an harba kibiya, suka yi dariya har mai kantin magani na kusa ya leƙo. Yaushe rabonsa da dariya irin wannan? Tun matarsa Uwani na da rai…

Warin kananzir. Warin robar abin shaƙar iska, wanda wani ya saka kafin kai. Rubutun Rasha a jikin allurai, an liƙa 'yan takardu a ƙasa da Turanci, gumi ya cinye rabinsu. Duk ya dawo. Ya ɗauka abin zai dawo ne ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kira shi zai zo. Ashe taron dangi ne, in ka gayyaci ɗaya…

Ran da suka zo kan sandar. Osita ya samo ta a gwanjo, irin mai tura hannu, yana ta murna. "Baba, an ce in gudu ya yi yawa sandar Mig tana nauyi. Daga nawa take farawa?"

Tambaya ce ƙarama. Amsar tana nan a bakinsa, ya san ta kamar sunan mahaifiyarsa: sai ka haura ɗari takwas, ka doshi ɗari tara, nan ne take zama taɓarya a cikin daskararren tuwo. Ƙasa da haka, lafiya lau. Ya buɗe baki.

"Ɗari bakwai."

Aka sa. Ya tuƙa. Bai isa ba, Osita, sauko da ita. Ɗari shida da hamsin. Alhamis ta zagayo — har yanzu da saura, mayar da ita ɗari shida, ka kuma ƙara mata ƙarfi. Sau uku. Sau uku yaron yana gogewa yana rubutawa da jan biro, bai ko ɗaga kai ba. Don me zai ɗaga? Duk abin da Baba ya faɗa a baya, agogo ya gaskata shi.

Ba ƙarya ya yi niyya ba. Niyya… to me ya yi niyya? Ya so dai ya gani. Ya so ya zauna a kujera ya ga allurar tana kan ɗari shida da hamsin, ya ja, ta ƙi. Ya ga abin nan da idonsa sau ɗaya, a waje, ba a cikin kansa ba. Da ya gani kuwa ya yi barci ranar kamar jariri.

Sai Osita ya aika musu. Sai wani Bature daga Folan, tsohon makaniken irin jirgin, ya rubuto: komai ya yi kyau, abin mamaki ma, amma sandarku tana ƙagewa da wuri, ba haka littafi ya ce ba. Osita ya mayar masa da amsa, har ya buga ta a takarda ya karanta wa Baba yana fassarawa, ƙirji a buɗe: ku takarda gare ku, ni ina da mutumin da ya tuƙa shi a yaƙi, yana zaune a gefena yanzu haka, kuma bai taɓa faɗa min abu na same shi ba daidai ba. Suka yi masa ca, mutum wajen goma. Ya tsaya shi kaɗai, wata biyu, yana kare tsohon Gyadi-Gyadi da ba su san da zamansa ba. Wani ya ce masa ƙila tsohon naka a mafarki ya tuƙa. Osita bai ci abinci ba ran nan, sai huci. Shi kuma yana zaune a kujerar nan yana cewa ƙyale su, ɗana, ƙyale su…

Ɗana. Da wane baki?

Makon jiya shafukan littafin suka iso, Baturen ya ɗauki hotonsu ya turo. Osita ya karanta su. Bai ce Baba ka yi kuskure ba, bai ce tsufa ba. Ya dai yi lissafi biyu. Ladabi ke nan, ko tarko? Ladabi ne. Ai da tarko ne da ya fi sauƙi.

"Baba, in sake shi?"

Ya gyaɗa kai. Jirgin ya motsa.

Ga ƙasa can, kore shar, zanen kwamfuta, ba ƙura, ba hayaƙi. Ga kogi kamar an ja shi da rula. Ga hanya — ko'ina sai sun sa hanya, siririn layi, babu kowa a kai, ko akuya. Ya kwantar da fiffike, ya tura hanci ƙasa. Babban yatsansa na hagu ya tafi neman birkin iska a inda babu shi, a gefen tebur, Osita ya gane ya danna masa…

Ƙarshen damina, sittin da takwas, yaƙin basasa na shekara ta biyu. Su biyu suka tashi, Haruna a gaba shi a baya. Haruna ɗan Zariya, mai cin goro a cikin abin shaƙar iska. An ce akwai babbar mota a wata hanya tana kai makamai. Ga ta, Mu'azu, ƙarƙashin fiffikenka na dama, na wuce ta, kai ka sauka. Jar ƙasa tsakanin itatuwan kwakwar manja. Ya buɗe birkin iska — ya buɗe, shi da hannunsa, don a rage gudu, don saiti ya zauna, ai an san shi da saiti, ana faɗa a ɗakin cin abinci. Allura ta sauko. Ɗari bakwai. Ɗari shida da hamsin. Ta tsaya a nan. Ya gan ta. Wannan lambar ko a kabari aka tashe shi…

Motar. Dum, dum. Ƙura ta tashi a gabanta, sannan a kanta. Sannan bayanta — hanyar ba fayau take ba. Fararen kwanonin sha a kawuna, rana na dukansu. Tabarmi a naɗe. Wata katifa tana tafiya ita kaɗai, ba a ganin mai ɗauke da ita. Wani mutum yana tura keke, ya ɗaure keken ɗinki a sirdin, ya kasa sakinsa ya gudu, ya kasa gudu da shi. Dum, dum, dum, ƙurar na hawa hanyar taki-taki kamar mai shuka…

Daƙiƙa uku. Ƙila huɗu.

Sandar ce, Uwani. Haka ya gaya mata, shekarar farko ta aurensu, ran da ta tsare shi a kan me ya sa ba ya iya zama in maƙwabciya na ɗinki. Ya zaunar da ita ya yi mata bayani kamar ɗaliba, har da muciya ya nuna mata: kin ga, kunamar harbin a jikin sandar take, nan, ƙarƙashin yatsa. In gudu ya yi yawa sandar sai ta ƙage, sai ka sa duk ƙarfinka, hannu biyu, ka damƙe ka ja, in ka damƙe kuwa ka damƙe har da kunamar. Ƙoƙarin kauce musu nake, shi ya sa… Ta riƙe masa hannun nan, wannan ɗin, ta juya shi ta kalli tafin. Allah ya ga zuciyarka, Malam. Abin da ƙarfe ya yi ba kai ka yi ba. Ta ɗauki wannan ta ajiye, ta haifa masa 'ya'ya shida a kai, ta yi jinyarsa a kai, shekara huɗu ke nan ta tafi da shi kabari a Tarauni tana ganin mijinta mutum ne da ƙarfe ya zalunta. Ya yi mata wanka da addu'a da komai, wannan ɗaya bai karɓe ba. Yanzu ta wace hanya?

Ɗari bakwai, in ji allurar kwamfuta. Ɗari shida da tamanin. Layin hanyar na faɗi. Ɗari shida da hamsin.

Ya ja.

Da yatsa biyu ma. Hanci ya ɗaga sumul, kamar ƙofar da aka sa wa mai, hanyar ta zame ƙasa ta ɓace, sai sama. Sai sama kawai. Haka yake. Haka yake, wallahi, haka jirgin nan yake, mai biyayya ne a wannan gudun, ya fi kowane abu da ya taɓa riƙewa biyayya. Yaron ya kamo shi, shi da Baturensa da ba su taɓa ganin juna ba sun kamo shi tsaf — har ɗan lanƙwasar nan da yake yi kafin ya miƙe.

Sake. Ya zagayo, ya sake kwantar da fiffike. Ƙila ya ja da wuri. Ya bari har hanyar ta cika gilashi. Ya ja. Ya tashi. Sake. Osita na tsaye a bayansa, yana jin numfashinsa. Na ukun ya damƙe da gangan, hannu biyu, da duk ƙarfin da ya rage wa ɗan shekara hamsin da bakwai, har roba ta yi ƙara — kuma ga manunin yatsansa can a miƙe a gefe, ko kusa da kunamar bai je ba. Yatsa daban, damƙa daban. Tun ranar farko a makaranta aka koya musu haka. Ya sani. Ya san ya sani. To wa yake yi wa bayani da muciya?

Da fushi ne ma. Da za a ce an kashe masa wani a makon, da za a ce tsoro ne, ana harbinsa daga ƙasa… Babu mai harbi. Sama shiru, safiya mai kyau. Abin da ke akwai — a faɗa, ai ba mai ji — layin ya miƙe. Shi ke nan. Ƙurar na tafiya a tsakiyar hanya ɗoɗar, ba ta kauce ko taki ɗaya ba, Haruna na sama yana kallo, kuma wani abu a ƙirjinsa ya ce bari ya kai ƙarshe. Ya ga kwanonin. Ya gan su, ya gane su, irinsu ne a ɗakin innarsa a jere. Yatsan ya ƙara daƙiƙa uku don aikin ya yi kyau. Da suka sauka Haruna ya dafa kafaɗarsa ya ce kai, saitinka sai kai. Ya ji daɗi. Har la'asar yana jin daɗi. Sai da aka kawo abinci a farin kwano…

A rediyon mai shayi na bakin titi ana ta maganar kwamitin nan da aka kafa bayan soja sun koma bariki, mutane na zuwa suna faɗin abin da aka yi musu, mata na kuka a lasifika. A majalisarsu ta gindin darbejiya kullum sai an yi musu a kai, wasu su ce tone-tone ne, wasu su ce gara a faɗa. Shi yana jan carbi. Duk masu zuwan waɗanda aka yi wa ne. Ina layin waɗanda suka yi? Ko da akwai, me zai ce — ba wanda ya umarce shi, ba wanda ya tuhume shi, a takarda an rubuta mota ɗaya, an lalata. Gaskiya ne kuwa. Mota ɗaya.

Ta zo nan sau ɗaya, mahaifiyar yaron, Mama Ijeamaka, mai kanti a kasuwar Tarauni. Gajeruwa, furfura a gefen ɗankwali, ta kawo wa ɗanta abinci a kula. Sannu Alhaji, har da ɗan rusunawa. Osita da zumuɗinsa: Mama, wannan ne Baban da nake ba ki labari, direban jirgin. Ba ta kalli fuskarsa ba. Hannunsa ta kalla, a kan sandar. Ta daɗe. Allah ya ƙara lafiya, ta ce, ta juya, ta manta da canjin mai acaɓar da ke jiranta, sai da ya yi mata hon. Bayan ta tafi Osita yana buɗe kula yana cewa kada ka damu Baba, haka take, ba ta son ƙarar jirgi ko a talabijin. Ina goye a bayanta lokacin gudun yaƙin. Yayata Obiamaka a hanya ta rasu, shekararta shida. Mama ba ta maganar. Bismilla, ga shinkafa.

A hanya. Yunwa ce? Zazzaɓi? Yara nawa yunwa ta kwashe a hanyoyin nan, ai sun fi… Kuma jirage nawa ne, matuƙa nawa, har da baƙi 'yan haya da ba su san sunan ƙasar ba. Hanyoyi dubu. Bai tambaya ba. Ya sa hannu ya ci shinkafar, da wannan hannun, har ya ce ta yi daɗi. Yaron kuma ya san a wane ɓangare Baba ya tashi, ya san shekarun, ya iya lissafi fiye da kowa a titin nan — wata takwas, bai taɓa cewa Baba me ka harba ba. Minti nawa, mita nawa, lita nawa. Ita kaɗai ya tsallake. Don bai damu ba? Ko shi ma tsayar da abin ya yi, yana jira?

Jirgin na ta hawa shi kaɗai, ya saki sandar bai sani ba. Gudu na raguwa. Ga rawar ɗarin nan ta fara, daidai inda ya ce a sa ta.

Kalma biyu ce. Na farko. Ya ce na farko, a aika, Osita ya koma ya ci gaba da faɗa da mutum goma a kan ƙarya, su yi masa dariya, su cire sunansa, shi kuma ya ci gaba da zuwa Talata da Alhamis ana share masa kujera. Kuma wani yaro a wata ƙasa zai sa faifai ya tuƙa, ya ji ta ƙage a ɗari shida, ya ce ashe haka Mig yake. Ƙaryar ta yi fiffike ke nan, ta bar ɗakin Uwani…

"Baba." A hankali. "Wanne?"

Ya sauke hannun a kan gwiwarsa.

"Na biyu."

Janareto. Wani ɗan acaɓa na zagin wani a titi.

"Na littafin ke nan, Baba."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ka tambaye ni."

Bai waiwaya ba, a gilashin kwamfutar yake ganinsa, inuwa a kan shuɗin sama. Inuwar ta tsaya. Ta ɗaga hannu ta shafa kai, ta sauke. Ta tafi. Wata mata a ƙofa da takardu a hannu tana so a yi mata kwafinsu — Hajiya yi haƙuri, an tashi, sai gobe. Ƙarar ƙofar ƙarfe, an jawo ta rabi. Sannan can baya janareton ya yi tari biyu ya mutu, gilashin ya yi baƙi, jirgin da samansa duka, fankar ta ci gaba da juyi ita kaɗai tana rage gudu.

Osita ya jawo benci. Ba gefensa ba, inda ya saba. Gabansa. Ya zauna, ya haɗa hannuwa tsakanin gwiwoyi, littafin mai layi-layi yana can kan tebur a rufe, ba biro, ba agogo.

"Ina jin ka, Baba."

To. Daga ina? Daga safiyar, daga Haruna, daga birkin iska… zai faɗa, zai faɗa duka, har daɗin, in numfashi ya yarda. Sannan yaron zai yi tambaya ɗaya, dole, ita kaɗai ce tambayar — wace hanya? Kusa da wane gari? Ya kai wa uwarsa, ta ce e ko a'a, ko dai a huta ko a san abin da ake ciki. Ya shiga laluben kansa, nan inda lambobi suke a jere ba wadda ta goge, mita, lita, minti, duk suna nan… Taswira a kan gwiwarsa, an ja da'ira da jan fensir. Murabba'i na sha huɗu. Digiri ɗari da saba'in daga kogi, minti goma sha ɗaya.

Suna fa? Ai tana da suna. Mutanen da ke kanta sun san daga inda suka fito, sun san inda za su.

Bai taɓa sani ba. Bai tambaya ba ran nan, bai tambaya ba washegari, Haruna ya mutu shekara goma sha biyu ke nan… Fankar ta tsaya. Zafi na saukowa daga kwanon rufi. Yaron na kallonsa, yana jira, da irin haƙurin nan nasa — shi kuma hannun na kan gwiwarsa a buɗe, ya yi nauyi, ya yi nauyi ƙwarai, ko ɗaga shi ya share gumi ya kasa.